BABI NA HUƊU: HAƊA WAYA TA YADDA RUWA BA ZAI SHIGA BA A TIRELAR DAKON KWALE-KWALE

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan sassan tirelar dakon kwale-kwale, wato ƙaramin amalanken nan na ƙarfe mai taya biyu ko huɗu da ake ɗaura wa mota a baya domin kai jirgi mai inji bakin ruwa. A wannan babi kuwa za a dubi yadda ake haɗa wayoyin fitilunta idan an zo sake mata wayarin. Abin da ya bambanta wannan tirela da sauran abubuwan da mota ke ja shi ne, ita da gangan ake tura bayanta cikin ruwa. Direba zai yi ribas a gangaren da aka tanada har tayoyi da fitilun baya su nutse, jirgi ya taso ya yi iyo, sannan a jawo ta waje. Idan an dawo ɗaukar jirgin a sake yin haka. Ke nan kowace fita ɗaya nutso biyu ne.

Manufar wannan babi ita ce a nuna cewa kowane haɗin waya aiki biyu yake yi, riƙo da toshewa, kuma babu abu guda da yake iya yin duka biyun. Mafi yawan lalacewar da ake gani tana faruwa ne idan aka ɗora wa abin riƙo aikin toshewa, ko aka ɗora wa abin toshewa aikin riƙo.

4.1 Yadda Ruwa ke Shiga Waya

Wayar da ake amfani da ita a mota da tirela ba dunƙulallen ƙarfe ba ce. Siraran silin jan ƙarfe ne da yawa aka murɗe wuri guda aka lulluɓe da roba, domin ta jure lanƙwasa da jijjiga. Tsakanin waɗannan sili akwai 'yan ƙananan hanyoyi da ido ba ya gani sosai. Da zarar bakin wayar ya taɓa ruwa, sai ruwan ya riƙa bin hanyoyin yana hawa, kamar dai yadda lagwani ke zuƙo kananzir daga tankin fitila zuwa sama. Wannan ne dalilin da ya sa mai wayarin kan feɗe tsohuwar waya nesa da inda aka yi haɗi, amma ya tarar da silin ya yi baƙi ko ya yi kore. Robar da ke waje lafiyarta lau, ɓarnar ta cikin ce. Abin lura a nan shi ne, ruwan da ya jiƙa waya ta waje yakan bushe kafin a isa gida, amma wanda ya shiga ƙarƙashin roba ba shi da hanyar fita.

Akwai kuma maganar zafi da sanyi. Tirelar da ta yi tafiya da fitila a kunne takan iso bakin ruwa gidan fitilarta da ɗumi. Idan ya nutse a ruwan sanyi, iskar da ke cikinsa za ta tsuke. Alal misali, iskar da ta sauko daga digiri 60 zuwa digiri 20 a ma'aunin Selsiyos tana raguwa da kimanin kashi 12 cikin 100. Wannan giɓi dole wani abu ya cike shi, sai gidan fitilar ya zuƙo ruwa ta duk kafar da ya samu, har da ta cikin wayar kanta. Shi ma ƙwan fitila mai zafi yakan tsage nan take idan ruwan sanyi ya taɓa shi.

Shigar ruwa mafarin ɓarna ne kawai. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin kashi 3.5 cikin 100, kuma ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki. Duk inda ƙarfe iri biyu suka haɗu a cikinsa, kamar jan ƙarfe da alminiyom, ko jan ƙarfe da tutiyar da ake shafe jikin tirela da ita, to sun zama ɗan ƙaramin batir, ɗaya yana cin ɗaya. Idan kuma akwai wutar mota mai bolt 12 a kan wayar, cin yakan ƙara sauri. Ruwan daɗi irin na tafkin Kainji ko madatsar Tiga bai kai na teku ko na lagon Legas ɓarna ba, sai dai bambancin na lokaci ne kawai, domin shi ma idan ya kwanta a cikin waya tsatsar za ta zo.

Ana iya auna illar wannan tsatsa da lissafi mai sauƙi. Ƙwan birki mai wat 21 a kan bolt 12 yana jan amfiya 1.75, turjiyarsa kuma ta kusa om 7. Ita kuwa waya mai lamba 16, wadda kaurinta ya kai murabba'in milimita 1.3, turjiyarta kimanin om 13 ce a kilomita guda, wato mita goma ba su kai ko kashi ɗaya cikin biyar na om ɗaya ba. To idan haɗi guda ya yi tsatsa har turjiyarsa ta kai om 1, shi kaɗai zai cinye kimanin bolt 1.5, ya mayar da fiye da wat 2 zafi a ɗan wurin da bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Fitila za ta dushe, zafin kuma ya ƙara sassauta haɗin. Wanda ke biye da tirela da dare, wannan dusasshiyar fitila ita ce kaɗai sanarwar da zai samu cewa an taka birki.

4.2 Sanin Wayoyin Kafin a Yanke

Kafin a taɓa filaya, wajibi ne a san tsarin da tirelar ta zo da shi, domin tsari biyu ne suka yaɗu, kuma dukansu ana cin karo da su a Nijeriya saboda motocin da ake shigowa da su daga Amurka da Turai. A tsarin Amurka mai baki huɗu, farar waya ita ce ta dawowa, wato nagatif, mai ruwan ƙasa ta fitilun baya ce, rawaya ta siginar hagu da birki, koriya kuma ta siginar dama da birki. Tirelar da ke da birki na kanta takan zo da baki na biyar mai shuɗiyar waya, wadda aikinta shi ne sakin birkin idan an sa ribas. A tsarin Turai mai baki bakwai kuwa, wanda ake kira ISO 1724, birki yana da wayarsa daban, ja, fitilar baya ta dama mai ruwan ƙasa ce, ta hagu baƙa, shuɗiya kuma ta fitilar hazo ce. Fara da rawaya da koriya ba su sauya ɓangare ba, sai dai a nan rawaya da koriya sigina kawai suke ɗauka. Motar da siginarta da birkinta suke rabe ba za ta ja tirela mai baki huɗu daidai ba sai an sa ɗan akwatin da ke haɗe saƙonnin biyu.

Dangane da wayar kanta, wadda ta fi dacewa ita ce wadda aka shafe kowane silinta da kuza, ana gane ta da farin launinta idan an feɗe. Ta fi tsada, amma kuza na jinkirta tsatsa ƙwarai. Dunƙulalliyar wayar gida ba ta da wuri a nan, jijjigar hanya za ta karya ta.

4.3 Hanyoyin da Ba Su Jure Ruwa

Hanyar da ta fi yawa a garejin unguwa ita ce a murɗe bakin waya biyu da yatsa a naɗe da baƙin salatif. A cikin mota, inda ruwa ba ya zuwa, irin wannan haɗi yakan yi shekaru. A tirelar kwale-kwale kuwa gam ɗin salatif yakan saki saboda zafi da jiƙa, naɗin ya buɗe kaɗan, ruwa ya shiga ya rasa mafita. A gaskiya salatif a nan ya zama randar ajiye ruwa a kan haɗin da aka ce ya kare. Haka ma ɗan matsin roba mai wuƙa a ciki, wanda ake maƙala wa waya ba tare da an feɗe ta ba, kuma sau da yawa shi ake tararwa a cikin kwalin sababbin fitilu. Wuƙarsa tana tsaga roba, tana yanke wasu sili, sannan ta bar tsagar a buɗe. Shi kuma murfin nan da ake murɗa wa wayoyin gida, ƙungiyar ABYC mai tsara ƙa'idojin ƙera jiragen ruwa a Amurka, wadda aka kafa a 1954, ta hana amfani da shi a jirgi a cikin ƙa'idarta mai lamba E-11. Ko da yake don jirgi aka rubuta ƙa'idar, masu gyaran tirela sun aro ta domin ruwan ɗaya ne.

Batun dalma shi ne ya fi jawo gardama tsakanin masu sana'ar, kuma kowane ɓangare yana da hujja. Haɗin da aka yi wa dalma da kyau yana ɗaukar wuta ba tare da asara ba, dalmar kuma tana cike hanyoyin da ke tsakanin sili. Matsalarsa ita ce narkakkiyar dalma tana bin silin ta shige ƙarƙashin roba, ta mayar da wayar sanda. Daidai inda sandar ta ƙare, wayar mai laushi ta fara, nan ne duk jijjiga ke taruwa, kuma nan take karyewa, galibi a ɓoye cikin roba. Saboda haka ƙa'idar E-11 ba ta haramta dalma ba, cewa ta yi kada dalma ta zama ita kaɗai ce ke riƙe da haɗin. Wanda ya zaɓi dalma sai ya fara saƙa silin su riƙe juna, ya yi amfani da dalma mai ƙaro a ciki irin ta masu gyaran rediyo, ya guji ruwan asid irin na masu gyaran lagireto domin yana cin jan ƙarfe, sannan ya ɗaure wayar ta kowane gefe don kada haɗin ya riƙa lilo.

4.4 Matsawa da Toshewa

Hanyar da ta fi karɓuwa a yau ita ce amfani da ɗan bututun jan ƙarfe mai rufin kuza, wanda ake zura bakin waya ta kowane gefe a matse, an kuma lulluɓe shi da tiyo mai tsukewa idan ya ji zafi. Kamfanin Raychem na jihar Kaliforniya, wanda aka kafa a 1957, shi ne ya fito da irin wannan tiyo. Ana sarrafa robar ne ta yadda za ta riƙe girmanta na asali, sai a buɗa ta da zafi a sanyaya ta a buɗe, duk ranar da ta sake jin zafi sai ta koma yadda take. Iri biyu ne a kasuwa, kuma bambancinsu shi ne ginshiƙin wannan aiki. Mai fata ɗaya yana tsukewa ne kawai, ruwa na iya bin ƙarƙashinsa. Mai fata biyu yana da gam a ciki wanda ke narkewa ya manne da robar wayar, ya cike duk wani lungu. Wannan na biyun shi ne mai hana ruwa, kuma an fi son mai tsukewa zuwa kashi ɗaya cikin uku na faɗinsa.

Bututun haɗi launinsa ne ke nuna girmansa: ja na siraran wayoyi ne har zuwa lamba 18 ko 16, shuɗi na lamba 16 da 14, rawaya na 12 da 10. Idan bututu ya yi wa waya yawa, matsi ba zai kama ba, idan kuma ya yi kaɗan sai a ga mai aiki yana rage sili don waya ta shiga, wanda rage ƙarfin wayar ne.

Ana fara aikin da yanke tsohuwar waya har sai an kai inda silin ke sheƙi. Idan an yi ta yankewa baƙin bai ƙare ba, to wayar ta gama aiki, sai a sauya ta gaba ɗaya, domin silin da ya yi baƙi ba ya karɓar dalma kuma ba ya ba da haɗi mai kyau ko an matse shi. Daga nan a feɗe kimanin milimita 7 ko 8, gwargwadon zurfin rabin bututun, ba tare da an ji wa sili ciwo ba. A zura har robar wayar ta dangana da bakin ƙarfen, kada a bar sili ko ɗaya a waje. Sannan a matse.

A wajen matsi ne aka fi yin sakaci. Manufar matsi ba lanƙwasa bututu ba ce, manufarsa ita ce a danne silin da bangon bututun har su zama kamar ƙarfe guda, babu iska a tsakani. Filayar gida ba ta iya wannan, baje bututun kawai take yi. Wadda ta dace ita ce filayar matsi mai haƙora da ba ta sakin abin da ta kama sai an kai matsin ƙarshe, kuma bakinta ya kasance mai santsi, domin mai tsini yakan huda tiyon ya buɗe wa ruwa ƙofa tun kafin a toshe. Bayan matsi sai a ja wayar da ƙarfi. Ma'aunin ABYC ga waya mai lamba 16 shi ne ta jure jan fam 15, kusan kilo 7, na tsawon minti guda. Dole wannan gwaji ya zo kafin zafi, saboda idan gam ya riga ya kama, shi zai riƙe wayar ya ɓoye raunin matsin, har sai ranar da rana ta tausasa shi a kan hanya.

Wajen sa zafi, an fi son na'urar hura iska mai zafi. A fara daga tsakiya a nufi baki, ana jujjuya wayar, domin iskar da ke ciki ta fita ta gaba maimakon ta maƙale ta zama kumfa. Alamar an gama ita ce tiyon ya kwanta sumul kuma ɗan zoben gam ya leƙo ta kowane baki. Inda babu wutar lantarki akan yi amfani da laita ko kyandir, amma harshen wuta yakan ƙone waje tun gam na ciki bai narke ba, don haka sai a nisanta shi a riƙa motsawa, kuma duk tiyon da ya yi baƙi ko ya tsage a yanke a sake. Kada a lanƙwasa haɗin sai ya huce. Masu taka-tsantsan sukan zura wani dogon tiyo mai gam a jikin wayar tun kafin matsi, su jawo shi ya rufe haɗin ya zarce da santimita biyu ta kowane gefe.

Wuri mafi wuya shi ne inda waya ɗaya ta rabu biyu, kamar inda ake ciro wa fitilar gefe wuta daga waya mai ruwan ƙasa. Wayoyi biyu da suka fito ta baki ɗaya sukan bar ɗan kwari a tsakaninsu, kuma tiyo ba ya shiga wannan kwari. Maganinsa shi ne a ɗan raba su yayin da gam ke narke domin ya gangara tsakani, ko a cusa guntun gam a wurin kafin zafi. Wasu sukan cike irin wannan wuri da silikon. Idan za a yi haka a guji mai warin tsami, domin asid yake fitarwa yayin bushewa, kuma asid ɗin yana cin jan ƙarfe.

4.5 Wayar Dawowa

Masu ƙera tirela sukan ɗaure farar waya a jikin ƙarfen tirelar daga gaba, kowace fitila kuma ta ɗauki nagatif daga notin da ya riƙe ta, wato jikin tirelar ya zama waya. Wannan yana rage kuɗi, amma kowane noti da kowace gaɓa sun zama haɗin lantarki da ba a toshe ba, musamman a tirela mai karyewa a tsakiya don sauke jirgi. Idan nagatif ya yanke, fitila ba lallai ta mutu ba, rikicewa take yi. Ƙwan baya yana da zare biyu, na wat 21 da na wat 5, masu hanyar dawowa ɗaya. Wutar birki da ta rasa hanya sai ta bi ta ƙaramin zaren ta koma cikin layin fitilun baya, a ga an sa siginar hagu amma fitilar dama tana ƙiftawa a dushe, ko a taka birki fitilu su ɗauke. Da yawa sukan sauya ƙwai da fis a banza alhali laifin na noti ɗaya ne mai tsatsa.

Tunda an riga an zo sake wayarin, abin da ya fi shi ne a ja farar waya ta musamman daga fulogi har zuwa kowace fitila, kaurinta kada ya gaza na sauran domin ita ke ɗauke da wutar dukansu. Inda za a ɗaura ta a jikin tirela, a goge wurin da samfefa har ƙarfe ya fito, a sa kan waya mai zobe da wosha mai haƙora, a ɗaure tamau, sannan a shafe da giris.

4.6 Inda Ake Ajiye Haɗi

Haɗin da ba a yi ba ba ya lalacewa, don haka ake son wayarin da ya rabu biyu tun daga wuyan tirela, kowane reshe ya bi gefensa har baya babu yanka. Haɗin da ya zama dole a ɗaga shi sama gwargwadon iko, kada a bar shi kwance a cikin bututun ƙarfen tirela inda ruwa ke kwana. Idan haɗi uku ko huɗu suka zo wuri ɗaya a jera su gaba da baya don kada su goga juna. Duk ramin da waya za ta ratsa a sa masa zoben roba, a kuma bar wa wayar ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga fitila domin ruwa ya ɗiga a can.

Fitilun LED da aka rufe ruf sun kawar da matsalar fashewar ƙwai, kuma wutar da suke ja kaɗan ce. Wadda aka rubuta wa IP67 an gwada ta a zurfin mita ɗaya na minti 30. Sai dai wannan lamba ta gidan fitilar ce, ba ta shafi guntayen wayoyin da suka fito daga bayanta ba, waɗanda dole a haɗa su kamar yadda aka bayyana a 4.4.

Fulogin da ke haɗa tirela da mota shi ne haɗi ɗaya da ba a iya toshewa, tunda cirewa ake yi ana mayarwa. Shi giris ɗin silikon marar ɗaukar wuta ake shafa wa bakinsa. Ƙarfen yakan ture giris ɗin a daidai inda ya taɓa ɗan'uwansa, sauran kuma ya tsare wurin daga laima. A tirela mai tsofaffin ƙwai, ana cire fulogin a jira fitilu su huce kafin a yi ribas cikin ruwa, amma mai shuɗiyar waya idan aka cire fulogi birkinta na iya kamawa yayin ribas, sai an sa ɗan ƙarfen kulle da ke wuyanta. Tirelar da ta fito daga ruwan gishiri kuma ana ɗauraye fitilunta da wayoyinta da ruwan daɗi, a rataye fulogin bakinsa yana kallon ƙasa.